A Ƙirga Kafin a Rushe: Ayyukan Gwamnati da Wuraren Tarihi, Daga Badalar Kano Zuwa Rimin Gado

 

A shekarar 2010, ana cikin aikin faɗaɗa titi a birnin Kano, aka sa katafila ta ture Ƙofar Na'isa. Ƙofar ginin ƙasa ce, ana danganta ta da faɗaɗa ganuwar da aka yi a ƙarni na 15, kuma tana cikin wuraren da dokar tarayya ta ce ba mai taɓa su sai da izini. Kuɗin aikin na jama'a ne. Gwamnatin jiha ce ta ba da kwangilar, wadda doka ta ɗora wa kula da ƙofar kuma hukumar gwamnatin tarayya ce. Hukumar ta fito ta yi ƙorafi, jaridu suka yi ta rubutu, amma duk ihu ne bayan hari. Daga baya aka tayar da wata ƙofar mai faɗi, ta zamani, aka laƙaba mata sunan ta da.

Ba zancen wane gwamna ne ya yi laifi ya tara mu yau ba, domin kusan kowace gwamnati da aka yi a Kano ta bar tabonta a jikin badala. Tambayar da nake so mu bi ita ce: a wane mataki na aikin gwamnati ake dakatawa a ce, "Me ke kan hanyar nan wanda in ya tafi ba ya dawowa?" Wannan tambaya tana da tarihinta a Nijeriya da wajenta. Kuma amsarta ta fi shafar mutumin karkara, irin na ƙasar Rimin Gado, fiye da yadda ta shafi ɗan birni.

Abin da aka gada

Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara a farkon ƙarni na 17. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ta yammacin birni suka faso, wajen Ƙofar Kabuga, ƙofar da mutumin Rimin Gado da Kabo da Gwarzo ke shiga birni ta cikinta. Gwamna Lugga ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 11, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kamar ƙafa 40.

Abin da ya riƙe wannan gini shekara ɗari takwas shi ne gyara. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san in damina ta wuce sai an bi katanga da yaɓe. Haka ake yi wa ganuwa, da aikin gayya, bisa umarnin Sarki, kowace ƙofa kuma da Sarkin Ƙofarta. Da yaƙi ya ƙare, dalilin gyaran ya tafi. Ruwan sama ya ci nasa rabon, masu buga tubali suka ci nasu, masu neman fili suka zo daga baya.

Ayyukan gwamnati na farko da suka huda ganuwar, na zamanin En'e ne. Ƙofar Famfo sunanta ma ya faɗi abin da ya kawo ta. Sabuwar Ƙofa kuwa a shekarun 1930 aka buɗe ta, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ku lura da dabarar mutanen wancan lokaci: da aka buƙaci mashiga don mota, sai aka buɗe sabuwa, aka bar tsofaffin ƙofofin maƙwabtanta a tsaye. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda doka ta zo

A 1943 gwamnatin mulkin mallaka ta naɗa wani malamin zane, Kenneth Murray, ya zama mai binciken kayan tarihi na ƙasa. A shekarun nan ne ma'aikatan haƙar kuza a yankin Jos suke ta tono kawunan yumɓu, waɗanda Bernard Fagg ya nazarta, aka san su da sunan ƙauyen Nok. Aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Shekara ɗaya bayan haka, a 1953, aka yi dokar kayan tarihi ta farko mai cikakken iko. Wanda ya gabatar da ƙudurin a majalisa shi ne Ministan Ayyuka na lokacin, Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar. Wato mutumin da ma'aikatarsa ke yanka hanyoyi da gina gadoji, shi ya miƙe ya nemi a kare abin da hanya za ta iya takawa. Kuma marubucin Hausa ne irinmu.

A ƙarƙashin wannan doka aka fara ayyana wurare a matsayin kayan tarihin ƙasa. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa tsakiyar na 1960 aka shigar da Gidan Madaki na Kafin Madaki, da zanen duwatsun Birnin Kudu, da Gidan Makama, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, da tsohon masallacin Bebeji, da ganuwar Zariya, da ganuwar Kano da ƙofofinta. A 1979 doka mai lamba 77 ta kafa hukumar gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda aka fi sani da NCMM. Dokar ta ce wanda ya rushe ko ya ɓata wurin da aka ayyana, hukuncinsa tarar naira 1,000 ko ninki biyu na ƙimar abin, ko ɗaurin wata 12.

Dokar tana da giɓi biyu. Na farko, abin da ke cikin jeri ta fi ƙarfi a kansa, jerin kuwa ya daɗe a kan wurare 65 a duk faɗin Nijeriya. Na jihar Kano yatsun hannu ɗaya sun ishe ka ƙirga su. Na biyu, doka ce ta hukunci bayan ɓarna. Ba ta ɗaura wa ma'aikatar ayyuka wani mataki da dole ta taka kafin a sa hannu a kwangila ba. Injiniya yana iya zana hanyarsa, majalisar zartarwa ta amince, a biya kuɗin somin-taɓi, katafila ta iso, ba tare da takardar ta taɓa bi ta teburin mai kula da tarihi ba. Ta wannan tsagar ƙadangare ya shiga a Ƙofar Na'isa.

Yadda wasu suka toshe tsagar

Babban darasi na farko daga Afirka ya fito. Da Masar ta tashi gina madatsar ruwa ta Aswan, aka gane tafkin zai haɗiye tsofaffin gine-ginen yankin Nubiya. A watan Maris na 1960 hukumar UNESCO ta yi yekuwar neman taimakon duniya. Daga 1964 zuwa 1968 aka yayyanka gine-ginen Abu Simbel gunduwa-gunduwa, aka ɗaga su sama da mita 65, aka sake haɗa su inda ruwa ba zai kai ba. Madatsa ta samu, gini ya tsira. Amma garin Wadi Halfa na Sudan ya nutse, aka kwashe dubban mutanensa zuwa wani wuri mai nisa. Dutsen Fir'auna ya sami masu ceto, gidan talaka bai samu ba. Wannan aiki ne ya share fagen yarjejeniyar kayan tarihin duniya ta 1972, wadda Nijeriya ta shiga a 1974.

Mu ma mun taɓa gwadawa. Lokacin da ake gina madatsar Kainji, daga 1964 zuwa 1968, an tura masu binciken kufai, ciki har da na Jami'ar Ibadan, suka bi wuraren da ruwa zai cinye, suka tona abin da lokaci ya ba su dama, suka rubuta. Sannan ruwa ya rufe tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, aka sake wa mutum sama da 40,000 matsuguni. Bussa ba ta tsira ba, amma an tambaya kafin a cika tafkin.

Ƙasar da ta mayar da tambayar ta zama dole ita ce Amurka, kuma sai da ta ƙone hannu. Bayan dokar manyan hanyoyi ta 1956, an bi ta kan tsofaffin unguwanni da dama. A 1963 aka fara rushe tashar jirgin ƙasa ta Penn a birnin Niyok, ginin da mutane ke alfahari da shi. Fushin da ya biyo baya ya taimaka wajen haifar da dokar adana wuraren tarihi, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 15 ga Oktoba, 1966. Sashe na 106 na dokar gajere ne. Ya ce duk aikin da kuɗin gwamnatin tarayya ko izininta ya shiga, dole hukumar da ke da aikin ta duba tasirinsa a kan wuraren tarihi kafin ta saki kuɗi. Matakan huɗu ne: a tantance waɗanda za a tuntuɓa, a gano abin da ke wurin, a auna cutarwar da aikin zai yi masa, sannan a zauna a nemi hanyar kauce wa cutar, ko rage ta, ko rama ta. A 1976 aka faɗaɗa sashen ya haɗa da wurin da ya cancanci shiga jeri ko da ba a shigar da shi ba tukuna. Wannan ƙarin shi ne ƙashin bayan tsarin, domin ya tilasta a je a duba, ba a buɗe tsohon jeri a ce babu ba.

Sashen bai hana rusau ba. Hukuma tana iya bin matakan duka, ta ce duk da haka hanya za ta wuce. Abin da ya hana shi ne rushewa cikin rashin sani, ko cikin dare. Misalin da ya fi kusa da mu ya faru a 1991, da gwamnatin Amurka ta tashi gina ofis a tsakiyar Niyok. Binciken da doka ta wajabta ya kai ga gano maƙabartar baƙaƙen fata, bayi da 'yantattu, ta ƙarni na 17 da na 18. An tono ƙasusuwan mutum 419. Hukumar ta so ta ci gaba da aikinta, jama'a suka tashi, majalisa ta sa baki, aka soke wani ɓangare na ginin. A 2003 aka sake binne su cikin mutunci, a 2006 wurin ya zama abin tarihin ƙasa. Wasu daga cikin mamatan nan daga Afirka ta Yamma aka kwaso su. Ba su cikin jerin kowa. Tambaya ce ta tono su.

Namu tsarin

Nijeriya ma tana da dokar da ta ce a duba kafin a fara, sai dai ta ƙofar muhalli ta shigo. A 1988 aka gano an jibge guba daga Italiya a garin Koko, cikin jihar Delta ta yau. Abin ya girgiza gwamnati, aka kafa hukumar kare muhalli a shekarar, sannan a 1992 aka yi doka mai lamba 86, wadda ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka kafin a fara su: hanyoyi, madatsun ruwa, layin dogo, filayen jirgin sama da makamantansu. Bisa ƙa'idar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, ana baje rahoton nazarin na kwanakin aiki 21 a wurare da suka haɗa da sakatariyar ƙaramar hukumar da aikin ya shafa, don kowa ya karanta ya kai ƙorafinsa. Bankin Duniya kuma, wanda bashinsa ke gina hanyoyin karkara da makarantu a jihohinmu, yana da sharaɗin kare kayan gado na al'umma, har da ƙa'idar cewa in ɗan kwangila ya ci karo da kabari ko kufai yana cikin haƙa, ya tsayar da aiki ya kai rahoto.

A takarda, ke nan, ƙofar a buɗe take. A aikace, rahoton da Turanci ake rubuta shi, shafuka ɗaruruwa, yana zaune a ofis har kwanakin su ƙare. Babin tarihi a cikinsa sau da yawa 'yan layuka ne. Tambayar da aka saba yi wa mai gari ita ce ko akwai wurin tsafi a kan layin. A garin Musulmi amsar a bayyane take: babu. Sai a rubuta babu, a wuce. Ba wanda ya tambayi tsohuwar rijiya, ko karofi, ko sawun ganuwa.

Ga sakamakon a birni. A 2007 Nijeriya ta sa ganuwar Kano, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, a jerin share fage na UNESCO. Har yau tana nan a jerin jiran. A cikin shekarun da suka biyo baya aka rushe Ƙofar Na'isa, aka sake gina ƙofofi da dama da kankare, gadar sama ta hau Ƙofar Nassarawa, gadojin ƙasa suka ratsa Gadon Ƙaya da Kabuga, filaye da shaguna suka ci jikin badala ta hanyar tsohuwar jami'ar Bayero. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnati ta yi rusau a wurare da dama, ta ce za a yi amfani da ɓaraguzan a gyara badala, sannan ita ma ta fara tata gadar a Ɗan'agundi. Gwamnatoci suna canzawa, jam'iyyu suna canzawa, matakin tambaya dai bai zama dole ba. A wannan tsakanin, a 2013, tsohon garin Agadas na Nijar, da masallacinsa na ƙasa, ya shiga cikakken jerin kayan tarihin duniya. Ginin ƙasa ne kamar namu. Bambancin shi ne nasu yana tsaye, ana yaɓe shi.

In haka ta faru ga badala, ina ga ƙauye?

Badala tana da doka, tana da hukuma, tana da littattafai, tana da 'yan jarida a ƙofarta. Duk da haka ga yadda ta ƙare. To mu fita ta Kabuga, mu wuce Rijiyar Zaki da Janguza, mu isa ƙasar Rimin Gado.

Wannan yanki yana cikin karkarar da masana, irin su Michael Mortimore, suka yi ta nazari tun shekarun 1960 saboda cunkoson jama'arta da yadda ake noma kowace gona kowace shekara ba hutu. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Rimin Gado tana da mutum dubu ɗari da 'yan kai a faɗin murabba'in kilomita 225, wato sama da mutum 400 a kowane murabba'in kilomita. A irin wannan ƙasa ba dajin da zai ɓoye kufai. Garma ta bi ta kan komai. Tarihin da ya rage yana cikin ƙananan abubuwa: tsohuwar maƙabarta, rijiyar da aka kafa gari a kanta, kuka ko rimi ko ɗorawa da ta zama shaidar iyaka, masallacin ƙasa mai azara, zauren tsangaya, tudun da ke nuna inda ganuwar gari ta bi, burtalin da shanu da fatake suka bi shekara da shekaru, ramukan marina da yashi ya cike.

Sunaye ma shaida ne. Rimin Gado itace ne a cikin sunansa. Karofin Yashi yana ɗauke da karofi, wato wurin rini. Zango masaukin matafiya ne. Wanda ya san tarihin tufafin Kano ya san ba a Ƙofar Mata kaɗai aka yi rini ba. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da saƙa da rini su ne jigon arzikin ƙasar, binciken marigayi Philip Shea na Jami'ar Bayero kuma ya nuna yadda garuruwan karkara irin su Kura suka riƙe wannan sana'a. Ramin marina da aka shafe da laso shekara ɗari biyu da suka wuce, shi ne masana'antar kakanninmu. Ba ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare na ƙasar Rimin Gado da ke cikin jerin tarayya.

Ayyuka kuwa suna tafe, kuma muna maraba da su. Ga aikin mayar da hanyar Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi tagwaye, wadda ta ratsa Rimin Gado. Ga titunan kilomita biyar-biyar da aka ƙaddamar a ƙananan hukumomi 44 a zangon mulki na 2011 zuwa 2015. A arewacin jihar ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, yana keta irin wannan karkara mai cunkoso ta Dambatta da Kazaure da Daura. Kowane irin wannan aiki, ban da layinsa, yana buƙatar ramin ɗibar marmara, da sansanin ma'aikata, da hanyar manyan motoci. Sau da yawa a nan ɓarnar take, ba a kan titin kansa ba, domin tudun da ya fi kyau a ɗebi ƙasa wani lokaci shi ne tudun tsohon gari.

Idan safiyo ya kafa turakunsa, mai ƙiyasin diyya ya biyo baya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ce jagorarsa. Tana ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, tana kuma cewa a biya gini da shuka da abin da aka kashe wajen inganta wurin. Saboda haka za a ƙirga ɗakuna, a ƙirga mangwaro da ɗorawa, a rubuta kuɗinsu. Rimin da gari ya ci sunansa, a wannan takarda, itace ɗaya ne. Ba layin da aka ware wa tarihi.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ne mu saurari mai cewa, "Ku bar mu da zancen tsohuwar katanga, hanya muke so." Yana da gaskiya. An gina ƙofofin Kano ne daidai raƙumi da jaki da doki, ba daidai birnin miliyoyin mutane ba. Matar da naƙuda ta kama a Gulu ko Butu-Butu cikin damina kwalbati take buƙata, ba labarin karofi ba. Duk marubucin da ya fifita tubali a kan rai ya ɓata alƙalaminsa.

Amma duba kafin aiki ba ya hana aiki. Yana buɗe zaɓi ne tun zanen yana kan takarda, lokacin da gyara ba ya cin komai sai tawada. Ana iya karkatar da layi da 'yan mitoci a kauce wa maƙabarta. Ana iya yin dabarar Sabuwar Ƙofa, a buɗe mashiga a gefe, a bar tsohuwa a tsakiyar shataletale ko a gefen titi. Ana iya sauya wurin ɗibar ƙasa. In kuwa ba makawa sai an rushe, ana iya aunawa, a ɗauki hoto, a rubuta, a adana ƙyaure da azara a gidan tarihi. Duk waɗannan ba sa yiwuwa ranar da katafila ta riga ta kunna, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda alƙalami ya shigo

Tarihin da muka bi yana nuna abu ɗaya: abin da ba a rubuta ba, ba a ƙirga shi. Ku duba masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da ginin zamani, wasu sassansa suka tafi. Abin da ya sa har yau ake iya sanin ainihin siffarsa shi ne wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna shi ya zana, har aka gina kwafinsa, tare da kwafin wani sashe na ganuwar Kano, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Birni kuma ya sami marubutansa da Hausa, irin su Alhaji Abubakar Dokaji da ya rubuta Kano Ta Dabo Cigari. Wa zai rubuta na Tamawa da Sakaratsa da Jili da Dugurawa, in ba 'ya'yansu ba?

Ga abin da kowannenmu zai iya yi, ba tare da jiran gwamnati ba.

Na ɗaya, zaɓi wuri guda a garinku. Kada ka ce za ka rubuta tarihin ƙaramar hukuma gaba ɗaya. Rijiya ɗaya, ko masallaci ɗaya, ko marina ɗaya ta isa.

Na biyu, fara da sallama. Je wurin mai unguwa ko dagaci da masu wurin, ka faɗi abin da ya kawo ka. In maƙabarta ce, kiyaye huruminta.

Na uku, rubuta abin da ido ya gani: sunan wurin yadda mutanen garin ke faɗarsa, tsawonsa da faɗinsa da taku ko da igiyar awo, abin da aka gina shi da shi, halin da yake ciki. Ɗauki hoto ta kusurwa huɗu. Wayar hannunka tana ba da lambobin wuri a taswira, rubuta su, domin da su injiniya yake aiki.

Na huɗu, zauna da dattawa aƙalla uku, kowa daban, kada ka manta da tsofaffin mata, domin su suka san labarin rijiyoyi da kaɗi da gidajen da suka tashi. Rubuta wa ya faɗi me, da ranar da ya faɗa. In sun saɓa, kawo saɓanin yadda yake.

Na biyar, raba abin da ka gani da abin da ka ji. Kada ƙaunar gari ta sa ka ce rijiya ta shekara dubu alhali abin da aka tabbatar shi ne kakan wane ya tarar da ita. Ƙarin gishiri ɗaya yana sa a yi watsi da duk rubutun. In an ce an haƙa ta a zamanin wani Sarkin Kano, ambaci sarkin, mai nazari zai fitar da shekarun.

Na shida, kada ka tona. Doka ta hana haƙar kayan tarihi ba da izini ba, kuma tono ba bisa ilimi ba ɓarna ce. In akwai abin da za a iya ɗauka a gudu da shi, kamar tsohon littafi ko takobi ko tambari, kada ka yayata inda yake a intanet. Ɓarayin kayan tarihi ma suna karatu.

Na bakwai, ajiye kwafi inda za a same shi: wurin dagaci da hakimi, sakatariyar ƙaramar hukuma, Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha da ke Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Makama. Ranar da aka baje rahoton wani aiki na kwana 21, takardarka ita ce hujjar garinku. Wanda ya iya Turanci a cikinmu ya je ya karanta rahoton, ya fassara wa mutanensa babin da ya shafe su.

Gyaran doka, wanda zai sa kwangilar gwamnati ba ta fita sai ta bi ta teburin masu kula da tarihi, aikin majalisa ne, kuma ya kamata mu riƙa nemansa a rubuce-rubucenmu. Amma ko gobe aka yi dokar, jami'in da aka turo zai tambaya ne, "Me kuke da shi a nan?" Dattijon da ya san amsar ba zai jira majalisa ba.

Aikin wannan mako ke nan: wuri ɗaya, shafi biyu, da sunan garin da ranar da aka rubuta. Mu gani a wannan zaure, mu gyara wa juna. Allah Ya yi mana jagora, Ya jiƙan magabatanmu.